Kaset ɗin Hajiya Dije

Yaran nan da ke zuwa wurina da wayoyinsu suna ba ni dariya, wani lokaci kuma su ba ni haushi. Yaro zai shigo shagon ɗinkin ƙanena inda nake zaman hantsi, ya ce an ba shi aikin makaranta a kan yadda Hausawa suka zo Yawunde, ya dangwara mini waya a gaban baki ko gaisuwa ba mu gama ba, ya ce in fara. In fara me? A ganinsu aikin tarihi shi ne ka samu tsoho, ka danna maɓalli, ka koma gida. Ran nan na ce wa ɗayansu in dai haka ne ai da aku ma ya zama farfesa. Bai yi dariya ba, wai cajinsa zai ƙare.

Na fi shekara talatin a wannan sana'a ta tattara tarihin ƙaura daga bakin mutane: wa ya taso daga ina, me ya ɗauko, me ya yar a hanya. Wanda ya koya mini ita wani dattijo ne Bayahude, masanin tarihin ƙaurar mutanensa da al'adunsu. A wani gari na Maroko aka haife shi. Yana saurayi danginsa suka watsu a duniya, shi kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawun irin waɗannan da suka watsu. Sunansa na gida ya yi kusa da Haruna, don haka mu a unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke ce wa Birik, Malam Haruna muka sa masa. Gajere ne mai sanƙo, da wata jakar fata da ta sha duniya. Yana jin Faransanci da Larabci, Hausa kuwa ko ta sayen gyaɗa ba ya ji.

A shekarun kiriz, wato na matsin tattalin arziki, ya zo mana, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata, kasuwa ta mutu, magidanci ya koma fita da asuba don kada yara su tambaye shi na burodi. Ni a lokacin ina koyar da Faransanci a wata makaranta da ta koma biyan malamai da alkawari. Wani malamin jami'a da ya sauke shi a gidansa a Cité Verte ne ya haɗa mu, ya ce baƙon yana neman tafinta ɗan unguwa. Abin da ya kawo shi kuwa, ya ji ƙishin-ƙishin cewa a zamanin Faransa wani Bayahude ɗan Maroko da matarsa sun zauna a bakin unguwarmu, suna sayen fata da ƙirgi a hannun Hausawa. Na tambaye shi me zai yi da labarin mai sayen ƙirgi, mutumin da ko lungu ba a sa wa sunansa ba. Ya ce manya suna da masu rubuta su, shi aikinsa waɗanda ba wanda ya rubuta.

Aikin farko da ya ba ni ba tafinta ba ne, goge magneto ne, wato akwatin ɗaukar magana mai cin kaset. Auduga ake naɗawa a tsinken ashana, a tsoma a alkol, ruwan nan na wanke ciwo, a goge inda zaren kaset yake bi, a hankali kamar ana cire wa jariri kwantsa. Ku da kuke ajiye murya a iska ba ku san abin da laimar Yawunde take yi wa kaset ba. Mako biyu a cikin kabad, ya yi fumfuna, muryar tsoho ta koma kamar ta mai magana a cikin rijiya. A gwangwanin madara muke ajiye su, mu zuba ɗanyar shinkafa a ƙasa ta shanye laimar. Ba a mayar da kaset baya da injin, don yana cin pil, wato batir, pil kuwa a shekarun nan sai wane da wane. Biro ake zurawa a ramin kaset a yi ta juyawa har hannu ya gaji. Pil ɗin da ya yi sanyi mu shanya shi a kan kwanon rufi, rana ta ɗan farfaɗo da shi. Akwai kuma dokarsa guda da ba ya wasa da ita: tun kafin mu bar gida sai na rubuta sunan wanda za mu je wurinsa a jikin kaset. Ya ce ya taɓa tara muryoyi jaka guda a wata ƙasa, ya dawo bai san wace ce ta wa ba.

Hirarmu ta farko da wani tsohon falke ne da ya taso daga Kano ta Yola da Ngawundare yana yaro, a bayan jakin babansa. Ana cikin labarin hanya sai tsohon ya tuna wani ɗan'uwansa da ya cuce shi a rabon kaya, ya kama zaginsa, ya yi ta yi har da tofar da yawu. Da ya numfasa na juya na ce wa Malam Haruna, da Faransanci, cewa Baba ya ce sun ɗan sami saɓani da ɗan'uwansa. Muka gama muka fito. A bakin masu tsire ya tsayar da ni, ya ce mutumin ya yi magana mai tsawon igiya, ni na ba shi guntun zare. Na ce ai zagi ne, ba ya fassaruwa a gaban babba. Ya ce in ina so in yi wannan aiki, to in sani tafinta ba mai shara ba ne. Duk abin da aka faɗa, daɗi ko ɗaci, haka zan miƙa masa, ko da shi ake zagi. Na ce na ji. Ban san ranar da maganar za ta dawo kaina ba.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne tambaya, kuma nan ne yaran yanzu suke faɗuwa. Ba a tambayar Bahaushe abin da zai iya amsawa da "e". Mutanenmu suna da kara, ba sa son baƙo ya taso takanas ya koma hannu biyu. In ka ce wa dattijo ko ya san wani Bayahude a unguwar nan a da, wallahi sai ya samo maka, ko da Kwara ne ko Bagirike zai sa masa hula ya miƙo. Haka wani tela ya yi mana, muka kwashe yini guda muna ɗaukar labarin Bayahudensa, sai a ƙarshe ya ce ai mutumin kowace Lahadi yana coci. Malam Haruna ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa ina ta lissafin pil ɗin da muka ƙona. Daga nan ya canza mini salo. Ya ce in daina ambaton Bayahude, in riƙa tambaya wane shago ne ba ya buɗewa ran Asabar a da, wane gida ne ba a ganin hayaƙinsa ranar, wane bature ne ba ya cin naman kowa. Ya ce mutane suna manta suna da shekara, amma ba sa manta abin da maƙwabci yake ci.

A Etudi, bayan mayanka, wannan tambayar ta kama kifi. Wani tsohon mahauci, Baba Ɗanjuma, yana zaune a kan turmi yana kallon jikokinsa suna fiɗa. Da na tambaye shi wa ke sayen ƙirgi a hannunsu yana saurayi, ya lissafa mutum uku, ya ce na ukun Yakubu mai ƙirgi, wanda in ka kai masa kaya ran Asabar sai dai ka dawo da abinka, ko kuɗi ba ya taɓawa ranar. Ya ce Larabci yake yi da malamai, matarsa kuma Saratu ake ce mata. Da na fassara, Malam Haruna ya ƙara matso da magneto kusa da tsohon. Baba Ɗanjuma ya ce shi iyakarsa bakin shago, amma akwai wadda ɗakinta na amarci ya haɗa bango da nasu, ita take shiga ta hura musu wuta ran Asabar, kuma tana nan da ranta a Birik: Hajiya Dije, mahaifiyar Alhaji Sabi'u mai atamfa. A duk Yawunde ita kaɗai ta rage da ta taɓa shiga ɗakin mutanen nan. Ranar da yamma na ɗauko sabon kaset na rubuta sunanta a jiki.

To, sai dai ku tuna wane lokaci ne. Shekarun kiriz ba aljihu kaɗai suka huda ba, har da zukata. Ana ta yajin aiki da kame-kame, kowa yana zargin kowa da kai rahoto wurin jandarma. Mutum biyu suna yawo a lungu da akwatin ɗaukar magana suna tambayar wa ya zauna a wane gida, ai ba sai an gaya maka abin da majalisa za ta ce ba. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Wasu suka ce ya zo ƙwato filayen danginsa. Sannan labari ya fita cewa gidan su Alhaji Sabi'u muke nema. Shi kuwa Alhaji a lokacin kasuwa ta karye masa a Mokolo, mutumin da yake da shago uku ya koma rabin ɗaya, ba abin da ya rage masa sai girmansa a unguwa. Ran nan bayan la'asar a ƙofar masallaci wani abokin wasansa ya ce masa, "Alhaji, ashe danginka sun biyo sawu? Dama mun ce wannan hasken fatar ba na banza ba ne." Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ni ban san an yi wannan ba sai daga baya. Washegari da hantsi muka yi sallama a ƙofar gidan, don ba a shiga wurin tsohuwa sai da izinin maigida. Alhaji Sabi'u ya girme ni, tare da yayana suka yi makarantar allo, Yaya nake ce masa. Ya fito ya tsaya a bakin zaure. Bai ce mu shiga ba, bai sa a shimfiɗa tabarma ba, ko ruwa ba a kawo ba. A Birik, unguwar da ko mahaukaci ya yi sallama sai an miƙa masa moɗa. Tun nan na san akwai magana. Na faɗi abin da ya kawo mu, na ce dattijon nan malami ne, hira kawai yake so da Hajiya a kan maƙwabtanta na da.

Ya ce, "Garba, kai ɗan unguwa ne, shi ya sa zan tsaya in ba ka amsa. Gaya masa uwata ba ta magana da Bayahude. Gaya masa mu ba danginsu ba ne, ba mu haɗa komai da su ba. Irinsu duk inda suka sa ƙafa sai sun raba mutane da gidajensu. In na sake ganin ƙafarsa a lungun nan, kai zan riƙe."

Mutane sun fara taruwa, masu ɗinki sun tsayar da kekunansu. Malam Haruna ya juyo ya dube ni yana jira, da ɗan murmushinsa na wanda bai san abin da aka ce ba. Na so in ce masa Hajiya ba ta da lafiya. Kalmar tana bakina. Amma ya riga ya karɓi alkawarina a bakin masu tsire, kuma ya ga tsawon maganar da aka yi. Haka na tsaya a tsakiyar unguwar da aka haife ni, na juya maganar nan zuwa Faransanci, jimla bayan jimla, ban rage ko ɗaya ba. Da bakina na gaya wa dattijon da yake koya mini sana'a cewa irinsa ba a son ƙafarsu a lungunmu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda yake tsaye a wurin jikan baƙo ne. Kakanninmu da jaki da buhun kanwa suka zo garin nan, masu ƙasa suka nuna musu inda za su kafa bukka. Labarin da muka yi wata guda muna ɗauka ke nan a kaset.

Murmushin ya bar fuskarsa, amma bai ɗaga murya ba. Ya ce in gaya wa Alhaji ya gode da ya fito da kansa, kuma gida nasa ne, ba za mu sake zuwa ba sai ya kira. Na fassara wannan ma. Muka juya muka gangara ta cikin jar laka har bakin titi.

A tasi na kawo masa dabara, don zuciyata tana tafasa. Matata Rakiya tana shiga gidan kamar nata, ita take yi wa Hajiya kitso. Na ce in ba ta magneto ta ɗaure a cikin zani, ta ja tsohuwa da hira, ba wanda zai sani. Ya girgiza kai. Ya ce muryar da aka sata ba shaida ba ce, kayan sata ce, kuma ranar da aka gane, ba ni ba, ba wani mai irin aikina ba, ba wanda zai sake shiga wani gida a Birik. Na ce to ya yarda ya taso daga wata duniya ya koma ba komai? Ya ce ba yau ya fara ba. Ya karɓi kaset ɗin da na rubuta wa suna, ya duba, ya mayar mini ya ce in ajiye, ba a san gobe ba.

Muka koma aikin tsofaffin fatake, amma ba ni da sauran karsashi. Ruwan farko ya sauka. A cikin kwanakin nan na lura ya daina sayen burodi. Da can kullum da safe sai ya tsaya wurin mai shayi ya karɓi rabin bagat, dogon burodin nan na Faransawa, yanzu kuwa sai ya buɗe jaka ya ciro wata busasshiyar gurasa, fale-fale kamar kwali, ya riƙa gutsura da ruwan shayi. Na ɗauka ko kiriz ɗin ne ya iso aljihunsa, ko kuma ciki ne. Kunyar abin da ya faru ta hana ni tambaya. A gida dai na ba Rakiya labari, na ce baƙon nan abin tausayi, ko burodi ya daina ci.

Rakiya ta je kitso ta kai labarin, ba da wata manufa ba, hira ce ta mata. Ta ce tana faɗa sai Hajiya ta janye kanta daga hannunta, kitso rabi, ta tambaye ta wace rana ya fara. Ta ƙirga da yatsu. Sannan ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta tono wani farantin tagulla mai zane a baki, naɗe cikin tsumma.

Ga abin da ta gaya wa Rakiya, Rakiya ta gaya mini. Kowace shekara a farkon ruwa, Saratu da mijinta suna da idi na mako guda wanda ba sa cin duk abin da aka kwaɓa ya kumbura, ko garin alkama ba ya kwana a ɗakinsu. In idin ya kama, sai Saratu ta aiko mata da busasshiyar gurasar nan a faranti. Ita kuma a yammacin da idin zai fita sai ta mayar da farantin da fulawa da man shanu da zuma, don a ƙasarsu haka maƙwabta Musulmi suke yi musu, da fulawar maƙwabci ake buɗe baki. Mu ma ai haka ne, ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Saratu takan soya wata waina mai faɗi da fulawar, su zauna su ci tare. A shekarar ƙarshe an kawo farantin kamar kullum, sai a tsakiyar makon ciwo ya kwantar da Yakubu, aka ɗauke su a jirgin ƙasa zuwa Duwala. Ba su dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsu ba. Farantin ya kwana a hannunta tun tana amarya har ta ga tattaɓa-kunne, kuma duk farkon ruwa sai ya faɗo mata a rai.

Rakiya ta ce mata to ai ga dama, ta sa baki a bar malamin ya shigo, ai ita ta haifi Alhaji ba shi ya haife ta ba. Hajiya ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Wancan ya yi magana a gaban mutane, ba abin da ya rage masa sai ita. Ba zan tsinka shi ba. Amma magana ya hana, bai hana aike ba."

Ranar da idin zai fita na gayyaci Malam Haruna gidana cin abincin yamma, ban gaya masa komai ba. Bayan magariba Rakiya ta shigo da farantin a rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ce in ji Hajiya Dije. Ya ɗaga faifan. Fulawa ce a tsakiya an tara ta kamar ɗan tudu, gefe man shanu na Fulanin Etudi a ganye, gefe zumar Adamawa a ƙaramin kofi. A shekarar da mutane suke auna mai da cokali, ban san abin da tsohuwar nan ta rabu da shi ta haɗa wannan ba. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa zanen bakin farantin da ɗan yatsa, ya ce irin aikin maƙeran garinsu ne. Ya dangwali zumar ya sa a baki. Sai ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, ni da Rakiya muka kau da kai.

Da ya dawo daidai, sai sana'a ta motsa. Ya zaunar da Rakiya ya yi mata tambayoyi, ina fassarawa, me Hajiya ta ce da bakinta, me Rakiya ta ƙara da nata fahimtar. Ya ce zai rubuta shi a matsayin abin da aka ji daga wadda ta ji, ba zai taɓa cewa ya ji daga Hajiya ba. Sannan ya naɗe hannun riga ya shiga madafa, abin da ya sa Rakiya salati, ya kwaɓa fulawar da kansa ya soya wainar yadda uwarsa take yi. Rabinta ya ƙone. Muka ci da man shanu da zuma.

Na ce masa faranti ya dawo hannun masu shi, ya sa a jaka. Ya ce a'a, in ya tafi da shi an rufe maƙwabtakar ke nan. Ya wanke shi, ya jera sauran busasshiyar gurasarsa a kai da waina biyu da ba su ƙone ba, ya ce Rakiya ta mayar. Rakiya ta ce da Hajiya ta buɗe sai ta yi dariya har tana tari, ta ce, "Ja'iri, ya sake ɗora mini." Ta gutsuri gurasar da dasashinta, ta ce ta Saratu ta fi gishiri.

Bayan kwana kaɗan ya tafi. Ya bar mini magneto da gwangwanin kaset, ya ce tarihin ƙaurar Hausawa yana nan zube a lunguna, in ban kwashe ba wa zai kwashe. Bai sake dawowa Kamaru ba, tsufa ya kama shi. Ni kuwa na ci gaba. Na yi aiki da ɗaliban jami'a, na yi da baƙi masu bincike, na yi da attajiran da suke so in samo musu kaka basarake, in na ce kakan nasu ɗan dako ne mai gaskiya su daina amsa gaisuwata. Duk gidan da aka ce kada in ɗauka, ban ɗauka ba. Sau da yawa na dawo gida da kaset wayam, kuma wannan ma cikin aikin yake, abin da yaran waya ba su sani ba ke nan.

Hajiya Dije ba ta ga wani farkon ruwan ba. Bayan an yi sadakar arba'in, ina zaune a ƙofar gida ina juya kaset da biro, sai ga Alhaji Sabi'u. Tun ranar zauren ba mu yi wata doguwar magana ba, sai gaisuwar masallaci da ta ta'aziyya. Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo ruwa. Ya rame. Ya ajiye wani ƙunshi a gabana, ya ce Hajiya ta bar wasiyya a ba ni farantin nan, in san yadda zan yi in cika shi in kai wa mai shi. Ya ce matansa sun ba shi labarin duka. Bai nemi gafara ba, ni ma ban jira ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar kasuwa, ya yi ta ruwa, sannan ya dubi gwangwanin da ke gefena.

Ya ce, "Garba, na san ku masu wannan aiki ba kwa rasa dabara. Rakiya tana shiga wurinta kullum. In kun ɗauka a ɓoye, wallahi ba zan yi faɗa ba. So nake in ji muryarta, ko kaɗan ne. Ko hoton kirki ba mu da shi."

Na ce, "Yaya, ba mu ɗauka ba."

Ya ce in duba dai. Na buɗe gwangwanin na tono har ƙasa, na ciro kaset ɗin, na kaɗe shinkafar da ke jikinsa na miƙa masa. Ga sunanta nan da rubutuna. Fuskarsa ta washe, ya ce to ga shi. Na ce masa ya dubi zaren, duk yana gefe ɗaya, bai taɓa juyawa ba. Na gaya masa ranar da na rubuta sunan, da dabarar da na kawo a tasi, da amsar da dattijon ya ba ni.

Ya ce, "Ashe da gaske ya bi maganata."

Na ce ya bi. Kowa kansa a ƙasa, ban san wanda kunya ta fi kamawa ba tsakanin ni da shi. Ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannu, yana shafa sunan da babban yatsa. Da aka kira la'asar ya miƙe, ya tambaye ni ko zai iya tafiya da shi. Na ce ya tafi da shi, ya sa a gwangwani da 'yar shinkafa, kada laima ta ɓata shi.